Kwando Arba'in

Kwana huɗu mota na hanya daga Kadawa,
ta kwanta a Jebba, ta kwanta a Badun,
kafin ta iso Mil Sha Biyu
warin tumatir ya riga ta sallama.

Kwando arba'in na ɗora.
Bakwai na tsinta.
Sauran ruwa ne ja yana bin kwata,
ƙudaje na shagali kamar gidan suna.

Iya Bosede ta leƙa, ta dafa ƙirji,
ta taya abin da ta taya, na sallama.
Jarin kuwa na Tsalha ne,
kuma Tsalha ba ya mance kwanan wata.

Ina wanke jan daga hannuna
sai na ɗaura niyya, na zarce da alwala.
Kan kwali, bayan rumfar masu albasa,
danfo na ihu, ruwan Ikko na zuba,
na kai goshi ƙasa:
Ya Rabbi, ban zo da lissafi ba,
ƙafar tashi gobe kawai nake nema.
Wanda Ya ciyar da ƙudajen nan yau
Ya san lambar rumfata.

Da asuba na kira direba:
"Ɗoro ashirin, Allah na nan."