Wuƙa Ce Gaba

A Grimsby, garin masunta,
inda iskar teku ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba sallama,
nake aikin dare a gidan kula da tsofaffi.
Ɗaki na tara na Enid Haxby ne.
Shekarunta tamanin da takwas,
arba'in daga ciki ta yi su tana feɗe kifi a bakin tasha.

Daren farko na ajiye mata tire,
na ce da Turancina na makaranta:
ga cokali mai yatsu da wuƙa.
Ta dube ni kamar na sa takalmin dama a ƙafar hagu.
"Wuƙa ce gaba, yarinya. Wuƙa, sannan cokali."
Na ce ai duk ɗaya ne.
Ta ce ba ɗaya ba ne.
Ban nemi dalili ba,
don na lura ita ma ba ta da shi.

Haka karatu ya fara, ba allo, ba alli.
Gishiri ke gaba, barkono na biye.
Burodi kafin man shanu.
Baƙi kafin fari, in tsohon hoto ake nufi.
A nan bas kama ta ake yi,
da hannun da ake kama mura.
Hankali biyan sa ake, kamar kuɗin haya.
Gado kullum safiya sai an yi shi,
sai ka ce ba a kansa aka kwana ba.
Ruwan sama nauyi yake yi, shayi kuma ƙarfi,
ranar da na ce shayinta ya yi nauyi
ta yi dariya har haƙoran robarta suka motsa.

Na so in ji haushi.
Sai na tuna mu da muke cin kasuwa,
mu ci bashi, mu ci amana,
mu sha iska, mu sha alwashi,
kuma ba wanda ya taɓa ƙoshi da su.
Kowane harshe da inda yake rataye kayansa,
baƙo ne kawai ke lalube.

Da sanyi ya kama sosai
kalmomi suka fara barin ta,
ɗaya-ɗaya, kamar jiragen da ke fita kafin asuba.
Taga ta zama "abin can".
Ɗanta Graham ya zo ran Lahadi da lemo a leda,
ta gaishe shi da ladabi, ta kira shi likita.
Ya fita baranda ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmi.

Amma waɗanda ke tafiya biyu-biyu ba su tafi ba.
Suna riƙe da hannun juna
kamar yara a bakin titi.
Ta kan ce, "Gishiri da..." ta tsaya.
In ce barkono.
"Burodi da..."
In ce man shanu.
Sai ta gyaɗa kai, malama ta gamsu da ɗaliba.

Wani dare, wajen ƙarfe uku,
na same ta ido biyu, hoto a ƙirji:
wani mutum mai hular ulu, da igiyar jirgi a kafaɗa,
da budurwa tana kare ido daga rana.
Ta ce, "Stan da..."
Ta jira.
Agogon bango ya yi ta aikinsa.
Wannan ba ya cikin darasin da ta ba ni,
amma na san gurbin da ta bari.
Na ce, Enid.

Ta sauke numfashi.
"Haka ake faɗa," in ji ta. "Shi ne gaba.
Kullum shi ke riga ni."

Na gyara mata bargo.
Da safe na jera tiren a kicin,
hannuna ya ɗauki wuƙa tukuna
ban ko sani ba.