Layin Gawayi

A bangon ɗakin tsakiya akwai layi biyu na gawayi,
na sama Huwaila, na ƙasa Nafi'u.
Tsakaninsu, da jan alli,
Tasi'u ya ja na uku: mita ɗaya da santi ashirin.
Wai a can, a filin wasan da ke bakin teku,
wanda kansa bai taɓa nan ba
ba ya hawa jirgin da ke kifewa da mutane.

Mu a gefen Kafin Hausa muke,
inda mota ke ajiye ka, babur ya ƙarasa da kai.
Amma tun ranar da ƙanena ya turo bidiyo daga Dubai
gidan nan bai ƙara barci da wuri ba.

A bayan littafin awon masu ciki nake lissafi
in na dawo daga asibiti:
riɗi buhu sha takwas, in Maigatari ta yi kyau,
kwasar adashena,
da bijimin da muka ce na gini ne.
In tara, in mayar da shi kuɗin can,
sai ya narke kamar gishiri a ruwa.
Jiya ya kai mu kwana shida.
Yau dala ta yi miƙa, ta cinye mana Alhamis.

Otal na kusa da filin, wuta.
Na nesa da sauƙi,
amma wa zai goya Bara'atu, ya ja biyu,
ya nemi jirgin ƙasa da tsakar rana?
Na zaɓi mai ɗan kicin,
don na san Nafi'u,
ba ya cin abin da bai san sunansa ba.
Zan ƙulla kuka da daddawa,
in masu bincike sun kawar da kai.

Mun je Dutse hoton fasfo.
Bara'atu ta ƙi buɗe ido,
aka tafa, aka kaɗa makulli, aka yi kukan akuya.
Da ta buɗe, da baki ta haɗa.
Haka za ta shiga duniya, tana tsala ihu a shafin farko.

Inna Kande ta ce,
"Ku ƙetare teku don lilo?
Ga tsamiya a bayan gida, ga igiyar guga."
Ta tofar, ta juya mana baya.
Da dare na tarar da ita da tocila a baki,
tana ɗinke lambar wayata
a cikin aljihun kowace riga.
"Yaron nan ya fiye bin abu mai haske," in ji ta,
"kar ki sake hannunsa."

Saura yatsa huɗu Nafi'u ya kai jan alli.
Malmala biyu yake ci yanzu.
Yana rataye a reshen darbejiya har tafinsa ya yi ja,
wai wani a makaranta ya ce hakan na ƙara tsawo.
Ban faɗa masa wata uku ba sa haifar yatsa huɗu ba.
Na dai nemo a waya
inda ƙanana ke hawa wasu kofuna masu juyawa,
na ajiye hoton, ban nuna ba.

Juma'ar nan ya jingina da bango,
ya shaƙi iska, ya ɗaga dunduniya a hankali.
Na gani. Na ja layin a inda yake so.

Huwaila ta dube shi, ta dubi bangon.
"In ba a bar ka ba, ni ma ba zan hau ba."
Ya yi murmushi, ya fita da gudu.
Ta matso kunnena:
"Sai dai sau ɗaya, Umma.
In ya tafi fitsari."