Mita Biyu da Rabi

Da ƙanƙara ta narke a Thunder Bay
sai layinmu ya fito, haƙarƙari a waje.
Bututun da ke ƙarƙashinsa ya girme ni,
ni kuwa na ba saba'in baya.
Hukumar gari ta ce za a tone shi har ƙashi
a sake shimfiɗawa,
sai dai wanda za a mayar
ba zai kai wanda za a ɗauke faɗi ba.

Injiniya Solange Thibodeau ta baje taswira
kan teburin shayi, a ɗakin ƙasa na cocin 'yan Finland,
ta danne kusurwa da gwangwanin sukari.
Sha ɗaya ne yanzu, ta ce.
Takwas da rabi zai koma.
Mota ta kwana a gefe guda.

An taɓo gidan rina.

Mita biyu da rabi fa.
Akwatin da za a sa ni ciki ne, da ɗan rara.
Amma Orest Hrynko, mai mota uku da jirgin kamun kifi,
ya miƙe kamar gadon ubansa za a yanka.
Na kwana-kwana ya ce tasa motar za ta wuce
in kowa ya naɗe madubinsa.
Wata mai goyo ta tambayi bishiyoyi:
saiwarsu za ta tsira?
Ba wanda ya ji ta.

Shekara talatin da huɗu na yi ina jan bas a garin nan.
Na san abin da faffaɗar hanya
ke raɗa wa ƙafar direba:
taka, ba kowa.
Na san dalilin furannin roba
da ke ɗaure jikin falwayar kwanar makaranta,
na san wanda ke sauya su duk bazara.

Da aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga.
Sha tara da sha bakwai.
Sai bayan na sauke na ga gefen da aka hana:
gefen arewa,
ƙofar Halyna Prokopchuk,
inda motar asibiti ke tsayawa Litinin da Alhamis
ta sauko da ƙarfenta, ta ɗauki Taras da kekensa.

Shekara talatin da ɗaya tana aiko min da naɗin kabeji.
Wannan bazarar kwanonta na nan a kantata,
a wanke, a kife.

Na ce mata ga farfajiyata, ba mota
tun da ido ya ci amanata.
Ta ce, Veikko,
keken Taras ba ya hawa tudun ƙanƙara.
Ta maida ƙofa a hankali.
Da ma bugawa ta yi.

Sau uku na je ofishin gari.
An ba ni takarda, an ba ni lamba,
an ce maganar tana kan tebur.
Katafila dai ba ta jira tebur ba.
An zuba kwalta, an bar bishiyoyi tsaye,
motoci na shigowa yanzu kamar baƙon da ya yi sallama.
Ban yi kuskure ba.
Ban kuma ji daɗin gaskiyata ba.

Nuwamba ta kawo dusarta.
Motar shara ta wuce da asuba
ta gina katanga a bakin kowane gida.
Ƙarfe shida na fita da shebur
na yanka ƙofa a tata katangar,
na tsallako, na yanka a tawa.
Faɗin keke, da ɗan rara saboda hannu.
Wannan awon ba ya cikin taswirar kowa.

Tana tsaye a taga.
Ba ta ɗaga hannu ba.
Labulen dai
ba ta ja shi ba.