Ke Fa?

A Garwa, bayan kasuwar kifi,
Inna Dudu kan hura wuta tun kafin ladan ya tashi.
Tukunya na tafasa, ganyen darbejiya na iyo,
ta tsoma, ta fyaɗa mini a baya,
ta ce, "Jaratu, zafi ne maganin jego."
Fata ta ji. Ni ban ji ba.

Ran suna aka raɗa masa Sali.
Aka rangaɗa guɗa, aka zuba mini sefa a cinya,
na yi murmushin da aka zo gani.
Da taro ya watse na ninke shi
tare da atamfar barka, na sa a akwati.

Kowa ya ɗauke shi sai ya ce tubarkalla.
Ni in na ɗauka
sai in ji kamar ajiya aka ba ni,
mai ita ya tafi bai faɗi ranar dawowa ba.

Nono na zuba, hawaye na zuba,
ban san wanne ya fi jiƙa zanen ba.

Da dare shi ya yi barci, ni in zauna gadi,
ina ƙirga numfashinsa
har babura su ɗauke ƙafa a gadar Binuwai.
Ina tsoron rijiya. Ina tsoron hannuwana.
Wa zan gaya wa wannan?

Goggo ta ce iska ce, aka turara, aka sha rubutu.
Bobbo ya tsuguna a bakin ƙofa,
murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Me kika rasa?"
Ban rasa komai ba.
Nan ciwon yake.

Ranar rigakafi, a layin asibiti,
Madam Asta ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta,
sai ta ajiye biro, ta dube ni,
ta ce, "Ke fa?"

Kwana arba'in da biyu
ana tambayata ya mai jego, ya yaro, ya ruwan zafi,
ina cewa lafiya.
Wannan karon bakina ya ƙi.

Ta ja labule. Ta bar ni na gama.
Ta ce cuta ce, tana da suna, tana da magani,
ba raunin imani ba ne, ba ni kaɗai ba ce.
Ta ce in dawo Alhamis, in zo da Bobbo.

Ban warke ba tukuna.
Amma ɗazu na sha rabin kwanon kunun kanwa,
Sali ya yi atishawa, ya tsorata kansa,
na ji wata tana dariya a ɗakin.
Ashe ni ce.