Jinyar Talibambam

Ranar Laraba ya daina gaishe ni.
Da, in na turo ƙofar shagona a Jekadafari,
kafin in rataye hula ya iso jikin gilashi,
ido ɗaya a kaina, ɗaya kan gwangwanin abinci.
Ran nan yana can ƙasa, bayan dutse,
ya lanƙwashe wutsiya, cikinsa ya yi duhu.

Ni mai gyaran agogo ne.
Abin da ya tsaya, bayansa nake buɗewa in duba.
Wannan ba shi da murfi,
ba ya tari, ba ya nishi,
ba ya nuna inda ke masa ciwo.
Na ɗauko madubin aiki na manna a ido,
na durƙusa gaban akwatin ruwa.

Ga su nan, ɗigo-ɗigo farare,
sai ka ce an barbaɗa masa gishiri a gadon baya.
Yana goga jiki da dutse,
numfashi na fita da gaggawa.

Dakta Kwairanga na asibitin dabbobi,
wanda ke gane ciwon sa tun daga takunsa,
ya juya hoton a wayata, ya murmusa:
"Masunta na yar da shi daga koma, kai kana jinya!"
Duk da haka ya jawo littafi, ya bi da yatsa.
"Ƙwayar cuta ce mai kama fata.
Ba shi da ɓawo irin na karfasa, tsirara yake.
Maganin da ke da tagulla, kar ya kusance shi.
Ɗumama ruwan sannu-sannu, ka ƙara masa iska,
wannan kuma rabin awo, kar ka wuce."

Na kira Bappa Manu a Dadin Kowa,
shi ya kamo min shi bara, bai kai babban yatsa ba.
Bai tambayi kifin ba.
Ya ce, "Yaushe rabonka da sauya ruwa?"
Na yi shiru ina lissafi.
Mako uku. Da na sauya ɗin ma,
daga famfo ne kai tsaye, da warin maganinsa.
"To, ruwan ne ya fara kwanciya," in ji shi,
"kifi binsa ya yi."

Kullum da hantsi in zuƙe kashi ɗaya cikin uku,
in share ƙasan da ɗan tiyo,
in zuba na bokitin da ya kwana ya huce.

Dare na huɗu aka ɗauke wuta.
Injin iska ya yi tsit.
Na zauna da kofin silba cikin duhu,
in ɗebo, in ɗaga, in tsiyaya,
in ɗebo, in ɗaga, in tsiyaya,
agogo ashirin a bango, kowanne da nasa lokacin.
Dijatu ta aiko Sadiƙu da tuwo da tambaya:
wai kifin ne ke da magidanci, ko ita?

Kwana tara ɗigon suka ɓace.
Amma ya ɗauki abinci ya tofar,
ya sake ɗauka ya tofar.
Na mayar da madubi ido:
haƙoran nan huɗu sun yi tsawo, baki ya ƙi buɗuwa sosai.
Laifina ne, da na saba masa da mai laushi.

Bappa ya aiko katantanwa a motar haya,
ƙanana, cikin robar fenti.
Na ware su mako guda kafin in yarda da su.
Na jefa ɗaya.
Ya zagaya ta, ya karkace, ya auna ta da ido,
ya hura mata ruwa.

Ƙas!

Alhaji Tinau na bakin ƙofa,
ya zo karɓar agogonsa karo na uku.
Na ɗaga masa hannu ba tare da na waiwayo ba.
Na ce, "Dakata, Alhaji. Yana ci."