Ƙarfe Uku a Guiuan

Ƙarfe uku ta buga,
rediyon maƙwabcina Eusebio ya soma roƙon jinƙai
gare mu, da duniya baki ɗaya.
Ni ina bakin gaɓa ina ɗinkin taru,
ban ɗaga kai ba.

Shekara guda ƙafata ba ta taka coci ba,
tun daren da teku ta miƙe tsaye kamar bango,
ta shigo ɗaki ba sallama,
ta zaɓi Perlita, 'yar shekara tara,
ta bar ni.
Na riƙe ta, Ubangiji, kai ne shaida:
hannu ɗaya a wuyan rigarta,
ɗayan a jikin bishiyar kwakwa.
Hannun da ya saki,
shi nake cin shinkafa da shi har yau.

Masu ta'aziyya sun ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Na dafa.
Romon gishiri ne zalla.

Fada Crisanto ya zo da kifin gwangwani huɗu,
ya zauna kan kwale-kwalena da ya kife.
Na ce, "Ina yake a daren nan?"
Ya daɗe yana kallon ruwa.
Ya ce, "Dioscoro, mutum talatin na binne makon nan,
muryata ta dushe, amsata ma haka."
Sai ya tuɓe takalmi,
ya kama mini kwanon rufi muka buga.

Tasing ce ta tono hoton daga taɓo.
Jan hasken da ke fitowa daga ƙirji ya koɗe,
farin ya koma launin laka,
gishiri ya cinye rubutun ƙasa.
Ta goge shi da gefen siket, ta rataya.
Da dare na juya fuskarsa ga bango.
Da asuba ta juyo shi.
Na juya, ta juyo,
ba wanda ya ce wa wani uffan,
har ramin ƙusa ya faɗaɗa.

Ba tuba ce ta mai da ni ba, kada in yi ƙarya.
Ruwan sama ne ya koro ni,
Lahadin da ke bin Ista,
na fake a ƙofar cocin da tamfol ya zame wa rufi,
kwandon kifi a kafaɗa.
Ana karanta labarin Toma.
Na sha jin sa tun ina ɗan ajin katikis,
amma ran nan wani abu ya tsaya mini a wuya
kamar ƙayar kifi:
ashe bai jira ya warke ba kafin ya dawo.
Ya tashi, miki na nan buɗe,
har yatsa na iya shiga.

Na dubi tafina.
Na ce a zuci, kai mai hudajjen hannu,
da me kake riƙo?
Ni da nawa lafiyayye ta kuɓuce mini.
In ka cafe ta a ƙasan ruwan nan
inda ƙarfina ya ƙare,
to, riƙe da kyau.

Ban shiga layin Jibi ba.
Na tsaya a baya, ina ɗiga, ina warin kifi.
Tasing ta waigo sau ɗaya, ta matsa a benci,
ta bar gurbin mutum guda.

Ban ce na gane ba.
Wasu ranakun ma ban ce na huce ba.
Kullum asuba ina tura jirgi cikin wadda ta yi mini sata,
ita kuma ke ciyar da ni.
Nakan jefa anga inda ido ba ya kai,
in ji igiya ta ɗame,
in san akwai ƙasa.

Yau ma uku ta buga.
Na soke allura a jikin taru.
Addu'ar doguwa ce, na manta rabinta.
Kalma ɗaya na kama, jinƙai,
na riƙe ta da hannu biyu.