Mai Riƙe Tsani

Shekara goma sha tara ke nan
ina riƙe wa Eloísa Quilodrán tsani
a Valparaíso, garin da gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a kan dutse, suna leƙen teku.

Tana 'yar shekara bakwai ƙasa ta girgiza.
Kafin kwanukan uwarta su tarwatse
sai da suka tsaya a iska, ƙiftawar ido guda,
miya na shawagi, cokali na bin ta a baya.
"Wannan ƙiftawar nake farauta, Baltasar.
Sauran duk neman kuɗin haya ne."

Da hoton fasfo ta fara, a wani lungu kusa da tashar jiragen ruwa:
ɗaga haɓa, kada ka yi dariya.
Ran nan ta wanke hoton wani jami'in kwastan,
kansa ya fito kejin tsuntsu, ƙofa a buɗe.
Kafin rana ta faɗi an sallame ta.
Bayan mako mutumin ya lallaɓo ya saya.

Ba ta yarda na'ura ta yi mata ƙarya ba.
Komai da hannu: zaren kamun kifi, madubi, haƙuri.
Mun rataye gadon ƙarfe tsakanin rufi biyu,
tsohuwa Fresia ta hau, ta yi barcin gaske
har da minshari.
Mun sa wa agogo arba'in gishiri, mun shanya su kamar kifi.
Sau uku na karye. Hoton bai nuna ba.

Daga Lisbon aka kira, daga Seoul aka kira.
Masu baƙaƙen riguna suka yi tagumi gaban bango
suna fassara abin da take nufi,
ita kuwa tana waje tana ɓare gyaɗa,
tana tambayata ko na kashe murhu.

Bana ido ya fara cin amanarta.
Yana ta rufe na dama, na hagu na bin sawu.
Jiya ta sa na kai tsanin bakin ruwa,
na tsayar da shi inda babu bango, babu majingina.
"Sake shi."
Na ce komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.
Ta ce, "Na sani. Kafin nan fa?"

Na buɗe hannuna.
Na ji ƙyas.